Kunnen Unguwa

Ƙarar ta faro ne can ƙasa-ƙasa, kamar ana jan buhu a kan siminti. Tela ya ɗage ƙafarsa daga kan keke. Mai aski ya tsaya da almakashi a buɗe, ya bar mutum da rabin kai. Babu wanda ya ɗaga ido ya dubi sama, don kowa ya sani kafin ka hango jirgin ya riga ya gama abin da ya kawo shi. Duk idanu suka koma kan mutum ɗaya, dattijon da ke tsugune a ƙofar shagonsa da cikin janareta a warwatse a gabansa.

Mai-kunne ya ajiye sifana. Ya rufe ido, ya karkata kai gefe guda, bakinsa a ɗan buɗe. Taku biyu daga inda yake, tsohon wilin babbar mota na rataye a jikin bishiya, da guntun rodi a jingine a gindinta. In ya buga wilin nan, unguwa gaba ɗaya sai kwalbatin da ke ƙarƙashin babban titi. In bai buga ba, kowa ya ci gaba da neman abincinsa.

"Inji biyu," ya ce, ya buɗe ido. "Shaho ne. Namu ne."

Numfashi ya dawo wa layin. Jirgin ya tsaga sama ya wuce, kwanon shaguna na rawa, Tela kuwa har da ɗaga masa hannu kamar ɗan'uwansa ne a ciki.

"Ka ji maza!" in ji Tela. "Ka ji murya! Wallahi ko a mafarki Angulu ba ta kama ƙafar wannan."

"Kai dai faɗi wani abin," Mai aski ya ce, ya koma kan askinsa. "Shahon naka nauyi gare shi kamar motar yashi. Kafin ya juya sau ɗaya Angulu ta juya uku. Ga shan mai kamar an huda tanki."

"To ai sai ka tattara almakashinka ka koma wajensu, tunda tasu kake yabo."

"Gaskiya na faɗa. Ni da za su raba ni da kaina, me zan yaba? Amma inji ɗaya gare ta, ba ta da nauyi, kuma na'urarta na hango mutum tun yana ɗaura zariya."

Haka suke kullum, tun safe har a rufe shago. Shekara ta uku ke nan da ƙasar ta dare gida biyu, gwamnati a kudu, masu tawaye a arewa, kowane ɓangare da ƙasar wajen da ke tsaya masa. Wata ƙasa ta hayin teku ta sayar wa gwamnati jirage masu inji biyu, unguwa ta raɗa musu Shaho. Wata kuma ta ba masu tawaye nata masu inji ɗaya, aka ce da su Angulu don a rage zafi. Da can gardamar ƙwallo ake yi a gindin bishiyar nan. Da filin ƙwallon ya koma maƙabarta sai aka koma gardamar jirage, da zafi iri ɗaya, da rantse-rantse iri ɗaya. Mutanen da ko keke mai kyau ba su mallaka ba, su ne ke tada jijiyar wuya a kan wane jirgi ya fi gudu, wane ya fi ɗaukar bama-bamai. Abin haushi, ko matuƙan ba 'yan ƙasa ba ne, haya aka yo su.

Mai-kunne ba ya sa baki sai an tambaye shi. Shekara ashirin da biyu ya yi a sansanin sojojin sama yana ɗaure nati da share bututun mai, bai taɓa tashi sama ko sau ɗaya ba. Abin da ya fito da shi daga can kunne ne kawai. Angulu na da wani siririn fito da ke riga ta isowa, Shaho kuwa gurnani yake yi tun daga ƙirji. Tsakanin jin fiton da faɗuwar bam akwai minti biyu, wani lokaci ma ba su cika ba. A kan minti biyun nan unguwa take rayuwa.

* * *

Da azahar ya shiga gida. A bakin ƙofar ɗaki baro na ajiye, wanda ya yi wa walda da hannunsa, ya ƙara masa taya ta biyu, ya shimfiɗa katifar yara da matashi a ciki. Ya taɓa tayoyin da yatsa kamar yadda yake yi kullum, ya ji iska na nan.

Baron na Auta ne, 'yarsa. Yayyenta maza biyu, yaƙi ya ci ɗaya, ɗayan ya tsallake iyaka. Mijinta direba ne, sojoji suka tafi da shi da motarsa wata biyar da suka wuce, har yau ko saƙo babu. Ta dawo gidan iyayenta da tsohon ciki. Mako uku da suka wuce Angulu ta zo, aka buga wili, Auta ta zame a gangaren kwalbati, jini ya ɓalle mata. Ma'aikaciyar asibiti ta tsayar da shi da ƙyar, sannan ta ja iyayen gefe ta ce musu yarinyar nan ta kwanta, ko tsakar gida kada ta taka, in jinin nan ya sake zuwa da ƙarfi ba ta da abin da za ta ƙara mata, za a rasa uwa a rasa ɗa. Shi ya sa aka yi baron. Amma ko a baro, kowane gargada sai ta ji shi har cikin bayanta.

"Baban Auta, gishiri ya ƙare," matarsa ta ce tana ajiye masa kwano.

Hankalinsa na can kan tayar baron.

"Oh ni! Mutum yana jin jirgi tun daga bayan duwatsu, amma in na ce gishiri sai kunnen ya toshe."

Dariyar Auta ta fito daga bayan labule, 'yar siririya. "Mama, ki riƙa yi masa fito irin na Angulu kafin ki faɗa."

"Ke ma kin bi bayanta ko?" ya ce, yana murmushi. "Ya jikin?"

"Da sauƙi, Baba. Ni dai don Allah kada ka buga ƙarfen nan yau. Barci nake ji."

"Ba ni ke bugawa ba, 'yar nan. Su ke sa ni."

Ya ci abincin ba tare da ya ji ɗanɗanonsa ba. Shaho kan wuce sau shida, sau bakwai a yini. Angulu kuwa sai a yi mako ba ta leƙo ba. Ma'aikaciyar ta ce saura kamar kwana ashirin. Lissafinsa ke nan kullum: tafiya uku a baro, in Allah ya taimaka biyu, sai a sauka lafiya.

* * *

Washegari da sassafe, kafin majalisa ta cika, Malam ya zo. Malamin makaranta ne da makarantarsa ta zama barikin soja, yanzu ba shi da aiki sai bin labarai a waya. Bai zauna a benci ba, ya shigo har cikin shago ya tsuguna kusa da shi.

"Baba Mai-kunne, duba min wannan. Kai ne za ka gane."

Hoto ne na jirage huɗu a jere a wani fili. Mai-kunne ya matso da wayar kusa da ido, Malam ya buɗa masa hoton da yatsu biyu. Bututun hayaƙi biyu. Wutsiya biyu a tsaye. Har ƙaramar ƙofar da ke ƙarƙashin fiffike, wadda ya sha kwanciya a ƙasa yana buɗewa. Shaho ne, ko shakka babu. Sai dai tutar da ke jikin wutsiyar ta masu tawaye ce.

"Haɗa shi aka yi," ya ce, muryarsa a bushe.

"Ni ma haka na so. Amma gidajen rediyo uku sun faɗa. Tun da ramukan zinariya suka koma hannun mutanen arewa, ƙasar da ke sayar mana da Shaho ta fara sayar musu, ta hannun wata ƙasar. Mu ta ƙofar gaba, su ta ƙofar baya." Sannan Malam ya tambayi abin da ya kawo shi. "Za ka iya bambanta su?"

Mai-kunne ya dubi hannuwansa. Masana'anta ɗaya, inji ɗaya, mai iri ɗaya. Fenti ne kawai ya raba su, fenti kuwa ba ya ƙara. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aka kawo masa takalman ɗansa.

Bai kai ga amsawa ba gurnanin ya taso. Ya miƙe, ya fita, ya ɗauki rodi ya rafka wa wilin da dukan ƙarfinsa.

Unguwa ta watse. Mata da yara a kafaɗa, tsofaffi na jan ƙafa, Mai aski da tawul a hannu. Ya hango matarsa ta fito da baro tana turawa da gudu, Auta ta riƙe gefensa da hannu biyu, ta cije leɓe. Jirgin ya wuce ƙasa-ƙasa, kowa ya ga tutar gwamnati a wutsiyarsa. Bayan awa ɗaya wani ya sake tasowa, ya sake bugawa. Kafin la'asar ya buga sau huɗu, duk huɗun na gwamnati ne.

A na huɗun, da aka dawo da Auta, katifar baron ta jiƙe da jini.

Ma'aikaciyar asibiti ta zo, ta daɗe a ɗaki, ta fito ba ta ko dube shi ba. Matarsa ce ta tare shi a tsakar gida, idonta jawur, tana magana ƙasa-ƙasa don kada 'yar ta ji.

"Kashe min ita za ka yi? Ita kaɗai ta rage mana, Baban Auta. Shahon da ko yaro ya san muryarsa, shi kake buga wa ƙarfe? Tsufa ne ya kama ka ko me?"

Ya gaya mata. Ya gaya mata hoton, da zinariyar, da ƙofar baya. Ta saurara har ya gama, fushin ya zube daga fuskarta, abin da ya maye gurbinsa ya fi fushin muni.

"To yanzu ya za mu yi?"

"Ban sani ba."

Shekara talatin da huɗu suna tare, ba ta taɓa jin kalmar nan daga bakinsa a kan abin da ya shafi inji ba. Ta zauna a bakin baron, ta rufe fuska da gefen zane.

* * *

Majalisa ta zauna a kan maganar da safe. Tela ya rantse ya maya ƙarya ce.

"Ƙawayenmu ne fa! Shugabansu da bakinsa ya ce suna tare da mu har ƙarshe. A talabijin na gani."

"Suna tare da mu mana," in ji Mai aski. "Suna tare da su ma. Mai shago yana korar mai saye ne?"

Mai gidan burodi ya ce shi dai jiya kwaɓinsa duka ya lalace, in za a riƙa gudu sau bakwai a yini to yunwa za ta riga bam. Wata tsohuwa ta aiko a gaya wa Mai-kunne gwiwoyinta sun ƙi, in ya ga dama ya buga har wilin ya tsage, ita tana ɗakinta. Aka yi ta ja, har Malam ya kawo shawarar da kowa ya kama da hannu biyu, don babu wata. Sansanin gwamnati na kudu da gari, filin masu tawaye na arewa. Shahon da ya taso daga kudu namu ne. Wanda ya ɓullo daga arewa, a buga.

"Kunnenka zai iya wannan ai?" Tela ya tambaya.

"Zai iya," Mai-kunne ya ce. Gaskiya ne, zai iya. Abin da bai faɗa ba shi ne jirgi ba jaki ba ne, ba dole ya bi hanyar da ya fito ba. Ya san haka sarai. Amma ya tuna katifar da aka shanya a kan igiya, ya haɗiye maganar.

Kwana tara dabarar na aiki. Ya daina gyaran janareta, ya daina shiga gardama, ya zauna a gindin bishiya da rodi a kan cinya tun fitowar rana. Auta ta fara cin abinci, har ta aiko masa da tsokana cewa unguwa ta yi shiru kamar an sace wilin. Saura kwana goma, ko ƙasa da haka.

Ranar ta goma, da hantsi, gurnanin ya taso. Ya rufe ido. Inji biyu. Daga kudu, babu tantama, ta kan gidan ruwa inda suke bi kullum. Sai dai wani abu ya tsaya masa a rai: wannan ya yi ƙasa da yawa, kuma muryarsa ta yi nauyi, irin ta jirgin da ke ɗauke da kaya cikakku. To amma na gwamnati ma da kaya suke fita. Ya miƙe tsaye. Rodin na hannunsa, wilin na gabansa, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. Ta ƙofar gidansa da ke buɗe a ƙarshen layi yana iya hango hannun baron. In ya buga, kuma na gwamnati ne, shi ya kashe ta da hannunsa. In bai buga ba...

Ido arba'in na kansa. Tela ya riga ya fara murmushi.

"Daga kudu," ya ce. "Namu ne."

Ya sauke rodin.

Bai ji faɗuwar ba. Haske ya gani, sannan ƙasa ta taso ta buge shi a fuska. Da ya buɗe ido yana kwance a cikin kwata, bishiyar ta rabu biyu, mutane na gudu da bakuna a wage, amma duniya ta yi tsit kamar an nutsa kansa a randa. Ya taɓa kunnensa, ya ga jini a yatsunsa. Ya tashi ya nufi ƙarshen layi yana faɗuwa yana tashi.

Gidan ruwa aka nufa, aka ce daga baya. Matuƙin ya zagayo ta bayan gari ya shigo ta kudu, yadda duk wanda ya yi makarantar tuƙi ɗaya da matuƙan gwamnati zai yi. Bam ɗaya ya sami gidan ruwan, na biyun ya sauka a kan gidaje shida na ƙarshen layi.

Matarsa na bakin famfo lokacin, shi ya sa ta tsira. Ya same ta tana tonon bulo da farce. Baron na nan a bakin ƙofa inda yake, ko matashin bai faɗi ba, ɗakin ne babu. Suka tono Auta da sauran numfashi, suka ɗora ta a baron, shi da kansa ya tura har asibiti. Tana ta motsa baki tana kallonsa duk tsawon hanya. Bai san me ta ce ba, har gobe kuma ba zai sani ba, don matarsa na gaba tana buɗa hanya.

An ciro yarinya mace da rai. Auta ba ta kai la'asar ba.

* * *

Bayan mako biyu suna zaune a ɗaki ɗaya da Mai gidan burodi ya ba su a bayan shagonsa. Ma'aikaciyar asibiti ta duba kunnuwan, ta rubuta masa a takarda cewa duka biyun sun fashe, sai dai haƙuri. Babu wanda ya zarge shi. Da ma sun zage shi, da ya fi masa sauƙi. Mutum goma sha ɗaya aka binne, cikinsu har da tsohuwar mai ciwon gwiwa, amma kowa ya gan shi sai ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

Da yamma ya zauna a bakin ƙofa. Daga nan yana hango ragowar bishiyar, an sake rataya wilin a reshen da ya tsira, an gyara bencin. Majalisa ta koma zama. Tela, da bandeji a goshi, ya miƙe tsaye yana kwatance da hannu: tafin hannu ɗaya ya yi kwana, ya zagayo, ya sulalo ƙasa. Mai aski na girgiza kai, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya juya shi sau uku. Ba sai da kunne ba, Mai-kunne ya san gardamar. Tela na cewa ai ga shi kowa ya gani da idonsa, Shaho ba ya kuskure.

Matarsa ta fito ta ɗora masa jaririyar a cinya, ta koma tana dama madarar gari da aka samo a asibiti. Yarinyar ba ta fi nauyin sifana babba ba. Fuskarta ta yi ja, ta dunƙule hannu, bakinta a wage, harshenta na rawa. Kuka take yi da dukan ƙarfinta. Ya sunkuya ya kai kunnensa daf da bakin, na dama, sannan na hagu. Ɗumin numfashinta kawai ya ji.

Sai ya ga cokalin ya tsaya a hannun matarsa. Can a gindin bishiya hannun Tela ya tsaya a sama, Mai aski ya juyo, Malam ya sauke waya. Ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suka saba shekara uku, duk suka juyo suna kallonsa.

Matarsa ma shi take kallo. Ya ga leɓunanta sun motsa, ya karanta tambayar: namu ne?

Ya rufe ido, ya karkata kai gefe guda, ya sa tafukansa biyu ya toshe wa jaririyar kunnuwa.